Jita Tsakanin Havana da Rio: Ƙofofi Biyu da Kiɗan Latin Ya Bi Ya Shiga Jaz



 Ina gode wa waɗanda suka shirya taron nan da suka ga ya dace a ba kiɗa gurbi a cikin laccocinsu. An ce in yi magana a kan fayafayan jita na jaz da tasirin kiɗan Latin Amurka a cikinsu. Fagen yana da faɗi ƙwarai, don haka hanya ɗaya zan kama in bi. Kiɗan Latin ya shiga jaz ta ƙofa biyu, ta Kyuba da ta Burazil, kuma abin da kowace ta yi wa jita daban ne. Ta ƙofar Kyuba ganga ce ta shigo ta zauna kusa da mai jita, shi kuwa ya ci gaba da kiɗansa yadda ya saba. Ta ƙofar Burazil kuwa gangar shigewa ta yi cikin jitar kanta, ta sauya yadda hannun dama ke taɓa tsirkiya.

Kafin mu je ga fayafayan, ina so mu yi tafi tare. Ku ƙirga takwas da sauri, amma ku raba su uku, uku, biyu, ku tafa a farkon kowane kashi: ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu. Na ga hannuwanku sun kama tun kafin in gama bayani, domin kunnen mutumin Afirka ta Yamma ya san wannan bugu tun yana goye. Mutanen Kyuba suna kiransa tresillo. Shi ne ƙashin bayan rawar habanera, kuma shi ne rabin farko na bugun nan guda biyar da suke kira clave, wanda dukan kiɗan son da mambo ke tsaye a kansa.

Wannan bugu yana cikin jaz tun ranar suna. A ƙarni na 19 jiragen ruwa suna kai da kawowa tsakanin Havana da New Orleans, suna ɗauke da sukari da taba da makaɗa. W. C. Handy ya je Havana a 1900, kuma da ya wallafa St. Louis Blues a 1914 sai ya sa wa wani sashe nata bugun habanera. A 1938 Jelly Roll Morton, mai fiyano daga New Orleans, ya zauna da Alan Lomax a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ya shaida masa cewa jaz ba ya yin armashi sai an ɗan barbaɗa masa wannan ɗanɗano, wanda shi ya danganta da Sifaniyawa. Sifaniyanci ne harshen masu kiɗan, amma bugun daga Afirka ya tsallaka teku.

Babbar haɗuwar ta zo ne a New York a shekarun 1940. Mario Bauzá, ɗan Havana mai busa ƙaho, shi ne jagoran kiɗa a ƙungiyar surukinsa Machito, kuma a 1943 suka fito da Tanga, wadda masana da yawa ke ɗauka a matsayin farkon jaz irin na Kyuba. Bauzá ne kuma ya haɗa abokinsa Dizzy Gillespie da wani makaɗin gangar konga mai suna Chano Pozo. Pozo ɗan ƙungiyar asiri ta Abakuá ne, wadda tushenta ke komawa ga ƙungiyar Ekpe ta yankin Kalaba. A watan Disamba na 1947 suka ɗauki Manteca: Pozo ya kawo gajerun kalmomin kiɗa masu maimaita kansu, Gillespie ya ƙara sashen tsakiya mai yawo cikin sautuka irin na jaz. Shekara guda bayan haka aka harbe Pozo a unguwar Harlem, yana da shekara 33.

To, ina jita a duk wannan? Kusan babu ita, kuma dalilin abin lura ne. A Kyuba akwai ƙanwar jita da ake kira tres, mai tsirkiya shida da aka jera biyu-biyu. Aikinta a kiɗan son shi ne maimaita wata gajeriyar kalma wadda ke kulle da clave. Arsenio Rodríguez, makaho, shi ne sarkin masu kaɗa ta. Wajen 1940 ya faɗaɗa ƙungiyarsa, ya shigo da konga da fiyano da ƙarin ƙahoni, sai mai fiyano ya koyi yin abin da tres ke yi, da ƙarar da ta fi tata. Lokacin da kiɗan ya isa manyan ɗakunan rawa na New York, fiyano ya riga ya gaje kujerar. Ita kuma jitar jaz a lokacin ba ta daɗe da samun murya ba. Sai da aka haɗa ta da lantarki, Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, sannan aka yarda jita za ta iya fitowa gaba ta yi magana kamar mai busa. Christian ya rasu a 1942 yana da shekara 25, tarin fuka ne ajalinsa. Magadansa hankalinsu na kan koyon harshen mai saksafon Charlie Parker, ba kan clave ba.

Saboda haka idan ka ɗauki faifan jita na jaz mai ƙanshin Kyuba, abin da za ka tarar shi ne Ba'amurke mai jita ya gayyato makaɗin konga. Misali mafi bayyana shi ne The Latin Bit na Grant Green, wanda aka ɗauka a 1962 a kamfanin Blue Note. Willie Bobo ne a kan ganguna, Carlos "Patato" Valdés a kan konga, kuma cikin waƙoƙin akwai Mambo Inn, wadda Bauzá yana cikin mawallafanta. Green mutum ne da ba ya son kaɗa tsirkiyoyi da yawa a haɗe, sauti ɗaya-ɗaya yake fitarwa, tas, kuma yana iya kama kalma ɗaya ya yi ta nanata ta har sai ta yi zafi. Wannan ɗabi'a ta nanatawa ita ce ta sa ya dace da makaɗan Kyuba. Amma ku saurara da kyau. A waƙoƙi da dama, da zarar an gama gabatar da karin waƙar an shiga fagen ƙirƙira, sai a saki bugun Latin a koma tafiyar jaz ta yau da kullum. Faifai ne mai daɗi, ina son sa, sai dai riga ce Green ya ara ya sa, bai sauya jiki ba.

Wanda na fi ɗauka da nauyi shi ne Midnight Blue na Kenny Burrell, na watan Janairu 1963, duk da cewa ba wanda ke kiransa faifan Latin. Faifan bulus ne, kiɗan baƙin ciki da juriya na baƙaƙen Amurka. Babu fiyano a cikinsa sam. Akwai Stanley Turrentine da saksafon, akwai Ray Barretto da konga. Rashin fiyano ya bar fili, sai konga da jita suka sami damar jin juna. A waƙar farko, Chitlins con Carne, Barretto yana ajiye bugunsa daidai inda Burrell ya ɗauke hannu, kamar masu hira da suka san juna tun ƙuruciya. Shi wannan Barretto, haifaffen New York ne, iyayensa 'yan Puerto Rico, kuma ya sha faɗin cewa jin Manteca lokacin yana soja a Jamus shi ya sa ya rungumi konga. Shi ne kuma za ku ji a So Much Guitar na Wes Montgomery a 1961, da Tequila a 1966. Idan ana lissafin waɗanda suka gina sautin jitar jaz na shekarun 1960, a ganina sunan wannan makaɗin ganga ya cancanci shiga, ko da yake bai taɓa kaɗa tsirkiya a fayafayan ba.

Yanzu mu juya kudu. A Burazil jita ba baƙuwa ba ce, ita ce kayan kiɗan gida, mai tsirkiyar nailan, ana kaɗa ta da yatsu ba da ɗan robar kaɗawa ba. Laurindo Almeida ya isa Amurka a 1947 ya shiga ƙungiyar Stan Kenton. A 1953 shi da mai saksafon Bud Shank suka ɗauki faifai a Los Angeles, wanda daga baya aka sake fitarwa da sunan Brazilliance. Sun ɗora ƙirƙirar jaz a kan kiɗan choro da baião. Kasuwa ba ta kula ba a lokacin, amma an buɗe hanya.

Ruwan kuma ba gefe ɗaya yake gudana ba. A 1955 mawaƙiya Julie London ta fitar da Julie Is Her Name, babu komai a bayan muryarta sai jitar Barney Kessel da bas. Samarin Rio masu koyon jita, irin su Roberto Menescal, sun yi ta juya wannan faifai suna kwashe yadda Kessel ke haɗa sautuka. Suna da haɗin sautin, abin da suka rasa shi ne bugun da zai ɗauke shi.

Wanda ya kawo bugun shi ne João Gilberto, haifaffen Juazeiro a jihar Bahia a 1931. Ya je Rio yana saurayi bai yi nasara ba, ya koma gidan yayarsa a garin Diamantina ya kulle kansa watanni yana kaɗa abu ɗaya. Matsalar da ya sa a gaba ita ce: samba kiɗan taron jama'a ne, makaɗa ɗaruruwa a kan titi, yaya mutum ɗaya zai zuba shi cikin jita ɗaya? Ga abin da ya yi. Babban yatsansa ya ba shi aikin surdo, babbar gangar samba, yana taɓa tsirkiyoyin ƙasa a natse, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ba ya gaba ba ya baya. Sauran yatsu uku kuma ya ba su aikin tamborim, 'yar ƙaramar ganga mai kaifin murya, suna fizgar tsirkiyoyin sama a tsakankanin bugun, wani lokaci kafin a zata, wani lokaci bayan an zata. Wanda ya taɓa tsayawa a gayya ya ji yadda gangar noma ke riƙe da ƙasa kazagi na yi mata ado a sama, ya san abin da nake nufi, sai dai a nan hannu ɗaya ne ke yin duka biyun. Sannan a bisa wannan sai ya ɗora murya, a hankali kamar mai raɗa, yana jan kalma ta wuce gaɓarta ko ya riga ta isowa, jitar kuwa ba ta motsa daga inda take. Abu uku ke tafiya lokaci guda a jikin mutum ɗaya. Da ya shiga situdiyon Odeon sai ya nemi makirfo biyu, ɗaya na murya ɗaya na jita, domin kada a mayar da jitar 'yar rakiya. Waƙar Chega de Saudade, ta Antônio Carlos Jobim da Vinicius de Moraes, ta fito a 1958, cikakken faifan kuma a 1959. Bai kai rabin awa ba, amma da shi aka haifi bossa nova.

A 1961 gwamnatin Amurka ta tura Charlie Byrd rangadin ƙasashen Kudancin Amurka. Byrd ya bambanta da sauran masu jitar jaz, domin ya yi karatu a wajen Andrés Segovia a Italiya a 1954, kuma da yatsu yake kaɗa jitar nailan. Hannunsa a shirye yake da abin da ya ji a Burazil. Ya dawo da fayafayan Gilberto, ya kunna wa mai saksafon Stan Getz, kuma ranar 13 ga Fabrairu 1962 suka shiga zauren wata coci a Washington suka ɗauki Jazz Samba cikin yini ɗaya. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka, abin da jaz ba ya saba samu. Gaskiyar magana, bugun da ke cikinsa bai kai na Rio laushi ba. Makaɗan ganga biyu aka sa su yi abin da hannun Gilberto ɗaya ke yi, kuma ana jin ƙoƙarin. Duk da haka shi ne ya ɓalle ƙofar. Ranar 21 ga Nuwamba na wannan shekara Gilberto da Jobim da Luiz Bonfá da wasu suka hau dandamalin Carnegie Hall a New York.

A watan Maris 1963 aka ɗauki Getz/Gilberto, ya fito a 1964, kuma ya zama faifan jaz na farko da ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara. Ina so ku lura da abu ɗaya game da shi. A wurina yana cikin manyan fayafayan jita da aka taɓa yi, alhali ba za ka ji Gilberto ya fito shi kaɗai yana baje kolin gudun yatsu ba. Daga farko har ƙarshe riƙe bugu yake yi. Amma cire jitar nan, ka ga ko busar Getz za ta sami inda za ta kwanta. A al'adar jaz gwanin jita shi ne wanda ya fi iya ƙirƙira in an ba shi fili. Gilberto ya zo da wata gwaninta dabam, wadda ba ta neman fili.

Akwai ɓangaren labarin da ba shi da daɗi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Byrd, wanda ya ɗauko kiɗan ya kawo makaɗan, sai da ya kai kamfanin da ya fitar da faifan ƙara kotu kafin ya sami rabonsa na Jazz Samba. Astrud Gilberto, wadda muryarta ta sayar da The Girl from Ipanema ta faifan Getz/Gilberto a duniya, kuɗin zaman situdiyo kawai aka biya ta. Da za a fitar da waƙar a ƙaramin faifai don gidajen rediyo, sai aka yanke baitin da João ya rera da harshen Fotugal gaba ɗaya. Bayan nan kasuwa ta cika da fayafayan bossa nova na gaggawa, har kiɗan ya koma abin da ake kunnawa a otal don kada wuri ya yi shiru. A Burazil ma an yi gunaguni. Carlos Lyra, ɗaya daga cikin iyayen tafiyar, ya yi waƙa mai suna Influência do Jazz yana kukan cewa jaz na neman lalata samba.

Amsa mafi ƙarfi ga wannan kuka ta fito ne daga jitar Baden Powell. Inda Gilberto ke raɗa, shi duka yake yi. Ya juya baya ga bakin tekun Rio ya fuskanci Bahia, ya saurari waƙoƙin addinin candomblé da na wasan capoeira, har ya koya wa jita kwaikwayon berimbau, bakan nan mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya. A 1966 shi da Vinicius suka fitar da Os Afro-Sambas, mai waƙoƙi a kan Xangô da Iemanjá, sunayen da duk wanda ya zauna da Yarabawa zai gane. Bahia ɗin nan, in ɗan ratse, ba baƙon wuri ba ne ga tarihinmu. An kai Hausawa bayi can a farkon ƙarni na 19, su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1809 da 1814, kuma har yau akwai abincin da ake kira shinkafar Hausa a can. Amma kada son kai ya ja mu: tushen samba ya fi komawa Angola da Kwango, na candomblé kuma ƙasar Yarabawa da Dahomey. A zamanin Baden Powell ne kuma Bola Sete, wani baƙar fata ɗan Rio, ya zauna a Amurka, ya yi aiki da Gillespie da Vince Guaraldi, kuma faifansa na bikin jaz na Monterey a 1966 ya nuna mutum zai iya riƙe bugun samba da babban yatsa yana ƙirƙira da sauran a lokaci guda. Shi ne ya haɗa gwanintar biyu, kuma har yau ba a ba shi girman da ya kamata ba.

Abin da ya biyo baya zan bi ta kansa da sauri. Gábor Szabó, ɗan Hangari, ya ɗauki Spellbinder a 1966 tare da Willie Bobo, kuma daga nan Carlos Santana ya ɗauko Gypsy Queen ya sa a Abraxas a 1970, kusa da Oye Como Va ta Tito Puente. Egberto Gismonti da Naná Vasconcelos sun fitar da Dança das Cabeças a 1977, jita mai tsirkiya takwas da kayan bugu, ba kowa sai su biyu. Pat Metheny ya sha daga rijiyar Milton Nascimento da Toninho Horta, ana jin haka a Still Life (Talking) na 1987. Mutane kan sa Friday Night in San Francisco na Al Di Meola da John McLaughlin da Paco de Lucía a wannan layi, amma wancan jininsa na flamenco ne, daga kudancin Sifen, kuma tseren yatsu ya fi yawa a cikinsa. Sai a 1998 Marc Ribot ya ɗauki waƙoƙin Arsenio Rodríguez ya kaɗa su da jitar lantarki, wato bayan kusan shekara sittin wani mai jita daga New York ya koma ya nemi kujerar da fiyano ya gaje.

Sai dai wasu sun riga shi, kuma a nahiyarmu suke. Daga 1933 kamfanin HMV ya riƙa sayar da fayafayan Kyuba a Afirka a jerin da ake kira GV, ciki har da El Manisero. Makaɗan Kinshasa suka ji abin da fiyano da ƙahoni ke yi, ba su da fiyano, sai suka mayar da shi kan jita. Daga nan aka sami Docteur Nico a African Jazz, da Franco da OK Jazz a 1956, sannan Sékou Diabaté a Bembeya Jazz ta Gini, da Barthélémy Attisso a Orchestra Baobab ta Dakar. Yawancinsu sunan jaz suka ɗauka, amma kiɗan son ɗin Kyuba suka gina a kai. Kiɗan Kwango da iyayenmu suka yi ta ji a rediyo a Kano da Damagaram da Kumasi, jikan tres ɗin Arsenio ne. Abin da jitar New York ta kasa yi da clave a shekarun 1950, jitar Kinshasa ta yi shi.

Roƙona ga matasanmu masu koyon jita da masu haɗa kiɗa a kwamfuta shi ne ku nemi fayafayai huɗu, duk suna intanet: Midnight Blue, Chega de Saudade, Getz/Gilberto da Os Afro-Sambas. Ku saurari kowanne daga farko har ƙarshe, ba tsalle. A na farko ku bi konga, ku bar jita. A sauran ukun ku bi babban yatsa, ku ga ko za ku iya taka ƙafa tare da shi ba tare da murya ta ja ku ba. In kun iya wannan, ku je wurin masu gurmi da garaya na garinku ku zauna ku kalli hannunsu na dama da irin wannan natsuwar, ku ɗauke su a faifai da izininsu, ku rubuta sunayensu a jiki, ku kuma biya su haƙƙinsu.